Ƙusa ta Takwas ta Ustaz Fikri

Bari in fara da tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Shekara ashirin da biyu ke nan ina cikin 'yan amshin opera a gidan wasanmu na Iskandariyya, ina waƙa da Italiyanci, amma har yau ban san ma'anar rabin abin da ke fita daga bakina ba. Da haruffan Larabci nake rubuta kalmomin a bayan takardun shagona na tabarau, in haddace su kamar lambar waya. Akwai shekarar da na yi wata uku ina rera wani baiti ina murmushi har kunne, ashe makokin sarki muke yi. Wanda ya gaya mini, a kunne, ba tare da kowa ya ji ba, shi ne Ustaz Fikri Sarhan. Cewa ya yi, "Ya Dakta Lutfi, sarkin nan surukinka ne? Rage fara'ar." Dakta yake ce mini saboda tabarau. Ban taɓa taka ƙofar makarantar likita ba.

Shi nake so in jinjina wa yau. Ya ajiye aiki watan jiya, bayan shekara arba'in da biyar a gidan nan, goma sha bakwai yana waƙa, sauran yana tsara wasa. Kuma labarinsa ba zai cika ba sai da na Madam Nadra Wahba, babbar mawaƙiyarmu, wadda a bazarar da ta wuce saura ƙiris a sauke ta daga dandamali a kai ta ɗakin ajiyar takardun waƙa, ta ƙare rayuwarta tana karkaɗe ƙura.

Amma bari in fara da safiyarsa.

Ƙarfe bakwai da rabi yake sauka daga tiram ɗin Bakus, jirgin ƙasan cikin gari, da burodi da wake a takarda a hannu ɗaya, da tulun shayin yansun a ɗayan. Mai gadi kaɗai ke riga shi. Ba ya zuwa ofis. Kai tsaye yake wucewa dandamali, ya tsaya a bakinsa ya cire takalmi da safa, ya jera su gefe kamar mai shiga masallaci. Sai ya fara tafiya a kan katakon da tafin ƙafa, baki a rufe, yana wani gunguni ƙasa-ƙasa a hanci. Wuri bakwai yake tsayawa. A kowanne akwai ƙusar tagulla da aka buga har ta yi daidai da katako, sai ɗan kanta da ƙafa ke iya ji. Yakan taɓa ta da babban yatsa, ya ɗan ɗaga gungunin, ya gyaɗa kai, ya wuce ta gaba. In ya gama sai ya mayar da takalmi ya hau matakala casa'in da huɗu zuwa benen sama, ya zauna a kujerar ƙarshe, inda ɗalibai da tsofaffin masu fansho ke zama, ya ci wakensa. Daga can yake kallon kowane gwaji. Yakan ce wanda ke layin gaba ya zo ne a gan shi, wanda ke can sama ya zo ne ya ji.

Ga asalin ƙusoshin. A sana'armu ba a sa wa mawaƙi lasifika. Makaɗa hamsin na cikin rami a gabansa suna ta goge da busa, shi kuma dole muryarsa ta tsallake su ta haye har can sama. Ustaz Fikri tenor ne, wato mai muryar sama ta maza, irin wadda akan ba wa jarumin wasa. Sai dai tasa, in za a faɗi gaskiya, kuma shi ma yana faɗa, kyakkyawa ce amma ƙarama. Ba a taɓa ba shi jarumi ba. Shekara goma sha bakwai yana fitowa a matsayin bara, ko ɗan aike, ko dogarin da ke shigowa ya ce an kama wane. Mafi tsawon abin da ya taɓa rerawa shi kaɗai kalma goma sha ɗaya ce. An fassara mini ita: uwargida, keken doki na ƙofa, baƙi kuma sun taru suna jira.

Wani zai rera kalmominsa goma sha ɗaya ya tafi gida. Shi kuwa abin ya hana shi sukuni, domin mahaifiyarsa ta zo kallo, ta zauna a sama, ta ce ta ga bakinsa na motsi. Sai ya fara zuwa da sassafe yana bin dandamalin allo-allo. Ginin tsoho ne, wani Bagirke mai fataucin auduga ya gina shi, kuma ƙarƙashin katakon rami ne, kamar cikin ganga. Ya gano akwai wuraren da katakon ke amsa murya ya cilla ta gaba, akwai wuraren da ke haɗiye ta. Duk inda ya amsa sai ya buga ƙusa. Shekara shida ya yi kafin ya tara bakwai.

Da aka ba shi tsara wasa, a kansu ya gina komai. Mai kallo yana ganin jarumi ya tashi a fusace, ya ture kujera, ya taka taku huɗu ya tsaya, sai ya ɗauka fushin ne ya kai shi nan. Ƙusa ta biyu ce ta kai shi. Duk wata runguma da duk wata faɗuwa, an auna su ne don mawaƙi ya iso kan ƙusa daidai lokacin da waƙar ta hau inda take da wuya. Shi ya sa 'yan wasanmu ke sa takalmi mai siririn ƙasa. Na taɓa jin wani baƙon mawaƙi daga Alƙahira yana yi masa dariya.

"Ya Ustaz, ni da ƙirjina nake waƙa, ba da yatsan ƙafa ba."

"Madalla, ya basha. To ka kawo mana ƙirjin nan kan ƙusa ta uku, mu ji shi mu ma."

Ya kawo. Bai sake dariya ba. Da zai koma ma sai da ya tambaya ko ana sayar da irin ƙusar.

Mu 'yan amshi ba mu da ƙusa. Layin baya muke, kusa da itatuwan kwali. Amma tunda na fara tonon asiri bari in ƙarasa: wata rana da aka tashi gwaji na laɓe har kowa ya fita, na hau ƙusa ta biyar na saki murya. Wallahi ban gane kaina ba. Na yi minti goma ina tunanin ko in sayar da shagon. Sai na ji tari a bayana. Ammu Girgis ne, kafintan gidan, wanda ya fi shekara talatin yana gyaran dandamalin.

"Ammu, ka ji kuwa? Ka ji yadda katakon nan ke amsawa?"

"Ni kafinta ne, ya Dakta," in ji shi. "Abin da aka ce in buga nake bugawa. Ɗaga ƙafarka, zan yi shara."

Ƙusa ta huɗu ta Madam Nadra ce. Ba a rubuce yake ba, amma ko sabon shiga ya sani. Shekara ashirin da shida a kanta take mutuwa, domin a wasanninmu mace ba ta cika kaiwa ƙarshe da rai ba. Ta mutu da tari a kanta, ta mutu da wuƙa, ta mutu da guba, kuma duk mutuwar sai benen sama ya miƙe tsaye. Sai bara waccan aka yi mata tiyata a maƙogwaro. Likita ya ce ta warke sarai. A gida, in ji maƙwabta, tana rerawa har tagogi su amsa. Amma da ta hau dandamali, da zarar waƙa ta doshi sama, sai muryar ta tsaya cak kamar an rufe famfo. Sau uku hakan ta faru a gwaji. A na uku ba wanda ya iya kallon wani.

Sabon shugaban gidan, Dakta Medhat, ba mugu ba ne, kuma shi Dakta ne na gaske. Yana da wasa da zai buɗe cikin mako uku, yana da matashiyar mawaƙiya a Alƙahira da ke jiran waya. Ranar da Ustaz Fikri ya shiga ofishinsa ina ciki, na kawo masa sabon tabarau ina daidaita masa a kunne, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

"Ya Dakta, Alhamis ɗaya nake roƙa wa Madam. Gwaji guda, da makaɗa, da kaya, da komai."

"Ya Ustaz, sau uku fa. Ka tausaya mata mana. Ɗakin takardu ba kurkuku ba ne, akwai fanka."

"Akwai fanka," in ji Ustaz. "Na ji masu ɗaukar nauyin wasa suna neman minti goma na jawabi ranar sallamata, an rasa inda za a sa su."

Nan hannuna ya tsaya a kan kunnen mutum. A gidanmu al'ada ce, mawaƙin da zai ajiye aiki, ko bara ya saba fitowa, ana ba shi waƙa guda cikakkiya ya rera shi kaɗai a gaban labule. Kowa ya san wadda Ustaz Fikri ya zaɓa. Shekara arba'in yana gyara ta a matakala, a banɗaki, a tashar tiram. Ni kaina na haddace ta a bakinsa, ban san ma'anarta ba.

"Ka ba su mintina goma," in ji shi. "Ka ba ta Alhamis."

Dakta Medhat ya cire tabaran da na sha wahalar daidaitawa. "Ka san abin da kake bayarwa kuwa?"

"Na sani. Ƙaramar murya ce, ya Dakta. Ba a yi asarar komai ba."

Kai ne, Ustaz Fikri, ka faɗi wannan maganar kana kallon taga, kuma ni da nake sayar da tabarau na san idon da ke kallon taga don akwai abin gani, na san wanda ke kallonta don kada a gan shi. Kai ne ka fita daga ofishin ka ja ni gefe ka ce in Madam ta ji wannan ciniki, za ka mayar da ni itacen kwali har in mutu. Na riƙe har aka yi sallama. Yanzu ba ka da ikon mayar da ni komai.

Alhamis ta zo, bayan azahar. Sai ga abin da ba wanda ya lissafa. Kayan adon dandamali sun iso daga Alƙahira a safiyar, kuma cikinsu akwai wata ƙatuwar matakala ta fada, fara fat, wadda maza takwas suka ɗauko. Bisa zanen mai ƙirar, gindinta ya sauka daidai kan ƙusa ta huɗu. An riga an ɗaure ta da ƙarafa. Ammu Girgis ya ce kwance ta sai an kwana biyu.

Madam Nadra ta fito da farar rigar mutuwarta, ta dubi matakalar, ta dubi ƙasa. Ta zagaya ta sau ɗaya. Sai ta zauna a kan tsani na farko ta fara cire ɗan kunne.

"Shi ke nan, ya Fikri. Allah ma ya faɗi tasa. A ce wa yarinyar Alƙahira ta hau jirgi."

"Ga ta biyu, ga ta shida," in ji maestro, shugaban makaɗa, daga rami, yana nuni da sandarsa.

"Ta biyu ta maza ce, ta shida tana bayan gado. Kana so in mutu ina ba mutane baya? Ku bar ni in tafi da mutuncina."

Dakta Medhat na layi na biyar yana duba agogo a ɓoye. Sai muka ji takun Ustaz Fikri yana saukowa daga benen sama, tsani casa'in da huɗu, bai yi sauri ba. Ya hau dandamali, ya cire takalmi, ya zo ya tsuguna a gabanta.

"Ya sitti Nadra. Akwai ta takwas."

Bakan wani mai goge ya suɓuce masa ya faɗi.

"Ƙarya kake, ya Fikri. Shekara ashirin da shida."

"Tun kafin ki zo na same ta. Ban gaya wa kowa ba. Ta fi duk bakwai ɗin, shi ya sa na ɓoye wa kaina, don ranar sallama. Rowa ce, na amsa laifina. Taso."

Ya kama hannunta ya kai ta gaba, hagu da matakalar, wurin da ban taɓa ganin ya tsaya da safe ba. Ya zaro mabuɗin gidansa ya kankare baƙin fenti. Sai ga kan ƙusa. Tana walƙiya fiye da 'yan uwanta, na ce a raina ai dole, ba a taɓa taka ta ba. A bayan labule Ammu Girgis ya yi tari, wata ta miƙa masa ruwa.

Madam Nadra ta ɗora ƙafa. Ta ɗan murza ta, kamar mai gwada zurfin ruwa.

"Macuci," ta ce a hankali. "Duk shekarun nan."

"Ki zage ni bayan kin mutu. Maestro, daga shigowarta."

Ba zan ce ta fara da kyau ba. Layin farko ya fito da rawa, na biyu ma haka. Mu 'yan amshi muna tsaye a baya da kyandirori na ƙarya, ba mai numfashi. Waƙar ta fara hawa, ta doshi wurin nan da muka sani, inda famfon ke rufewa. Na ga ta danna ƙafar dama a ƙasa har rigar ta motsa. Sai muryar ta wuce. Ba da ƙarfi ba, siririya, amma ta miƙe ta tsaya a sama ba ta karkata ba, ta daɗe har na fara tsoron kada numfashi ya ƙare mata, sannan ta sauko da ita a hankali ta ajiye. Ta kwanta ta mutu yadda ta saba. Mu kuma da ya kamata mu shigo da makoki muka manta, sai da maestro ya buga sanda sau biyu. A ranar dai ban yi murmushi ba.

Dakta Medhat ya miƙe, ya goge tabarau, ya ce, "Madam, a huta da muryar har ranar buɗewa." Ya juya gare ni. "Ya Lutfi, gilashin nan naka yana tara hazo."

Ta yi wasa takwas a jere. Ɗakin takardu har yau fanka ce kaɗai a cikinsa.

Na daɗe ina tunanin irin wannan aiki. Mai tsara wasa in ya ƙware ba a ganinsa. Ana tafa wa mai murya, ana jefa wa maestro fure, har mai ɗinkin riguna akan tambayi sunansa. Wanda ya san cewa wance tana buƙatar taku uku kafin ta ja numfashi, wane kuma ba ya iya waƙa in an tsaya masa ta dama, shi yana can kujerar ƙarshe da takardar wake a cinya. Ina jin shekarun da ya yi yana bara ne suka koya masa. Wanda ya saba tsayawa a bakin labule yana jiran kalma goma sha ɗaya yana da lokacin kallon ƙafafun manya, ya ga yadda suke rawa. Mu muna ganin jarumai. Shi yana ganin mutane masu tsoro sanye da rigunan sarauta, kuma bai taɓa raina tsoron kowa ba. Ko nawa, da ba shi da wani amfani ga wasan.

Ranar sallama Juma'a ce, wasan la'asar. Masu ɗaukar nauyi suka yi jawabinsu na minti goma cikin minti ashirin da biyar, ɗayansu ya kira shi Ustaz Fatahi. Shi kuma ya ce tunda babu waƙa, a bar shi ya fito a baransa na da. Ya sa tsohuwar rigar, wadda sai da aka buɗe ta a ciki. Da lokaci ya yi ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofar kwali inda bara ke tsayawa, ya buɗe baki. Sai Madam Nadra ta ɗaga wa maestro hannu, kiɗa ya tsaya. Ban san wa ya gaya mata cinikin nan ba. Na rantse ba ni ba ne, ko da yake matata ƙawar ƙanwarta ce. Ta taka har ƙofar, uwargida guda, ta kamo hannun baranta, ta ja shi gaba ta tsayar da shi kan ƙusa ta takwas.

"Daga nan," ta ce, yadda layin gaba suka ji. "Kuma ka ɗaga kai, macuci."

Ya rera kalmominsa goma sha ɗaya. Keken doki na ƙofa, baƙi sun taru suna jira. Wani tsoho a benen sama ya yi ihu a maimaita, sauran suka ɗauka, aka maimaita. Ban taɓa jin an nemi a maimaita sanarwar keken doki ba, kuma ba na jin zan sake ji.

Mun gode, Ustaz Fikri, mai ƙusa, mai hawa casa'in da huɗu. Mun gode da waƙar da ba mu ji ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa tiram ɗin Bakus ya riƙa zuwa a kan lokaci ko da yanzu ba ka da inda za ka. Ku kuma da ke shugabantar mutane, a makaranta ne ko a asibiti ko a shago, ku riƙa zuwa da wuri kuna taka wurin da tafin ƙafa. Ku san inda naku ke rawar jiki, ku nema musu wurin tsayawa, kuma in kun samo kada ku tsaya jiran a tafa muku.

Makon jiya aka fara gyaran gidan, aka ɗaga katakon dandamali. Na rufe shago na je, don in ga ramin nan mai amsa murya da idona. Babu rami. Kankare ne cike har baki, daga bango zuwa bango, wanda aka zuba shekarar da ruwan hunturu ya ruɓar da ginshiƙan ƙasa. Ashe duk shekarun da na yi a gidan nan, ƙusoshin a kan siminti suke. A kusurwar hagu wani ya rubuta da yatsa tun simintin na ɗanye: Fikri, Girgis, 1994.